Tantin Mutum Huɗu, Kwanan Mutum Biyu: Abin Lura Kafin a Sayi Tantin Kwanan Daji

Da yammacin Asabar a lokacin hunturu, ba wuya ka tarar da ayarin matasa a gindin duwatsun Shere da ke gabashin Jos, sun sauko daga motar haya kowa da jaka a baya. Wasu daga Abuja suka taso, wasu daga Kaduna ko Bauci, wasu kuma 'yan gari ne. Kafin faɗuwar rana wurin ya cika da ƙananan tantuna, shuɗi da kore da ruwan lemo, ana ta buga turaku da dutse domin babu wanda ya tuna da guduma.

Bayan sallar isha'i ake fara jin ƙorafi. Samari huɗu sun yi karo-karo sun sayi tantin da aka rubuta wa "mutum huɗu" a jikin jakarsa, ga shi uku sun shiga har sun cika shi, na huɗun yana tsaye a waje rungume da bargo. Jakunkuna kuwa babu inda za a sa su. Can da asuba wani zai farka ya ji ruwa na ɗigo masa a fuska, alhali rabon garin da hadari tun watan Oktoba.

Irin wannan dare ne ke sa mutane da yawa su rantse ba za su sake kwanan daji ba. Amma yawanci tun a kasuwa matsalar ta fara, ranar da aka zaɓi tantin.

Abin da ya buɗe kasuwar

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin masu hawan dutse da yawon buɗe ido sun yawaita a Abuja da Jos da Kaduna, kuma a WhatsApp da Instagram suke haɗa tafiyarsu. Masu ƙarfin hali kan nufi gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, domin hawan Chappal Waddi, dutsen da ya kai mita 2,400 da 'yan kai, wanda babu na biyunsa a tsawo a ƙasar. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, kuma babu masauki a hanya sai abin da ka goyo.

Ba su kaɗai ne masu sayen tanti ba. Akwai mahalarta wa'azin ƙasa da manyan tarukan Maulidi, waɗanda kan cika gari har makarantu da barandun masallatai su kasa ɗaukarsu. Akwai masu zuwa bikin kamun kifi na Argungu, da masu zuwa bikin makiyaya na Ingal a jihar Agadas cikin watan Satumba. Ga masu aikin gona a nesa da gida, ga masu haƙar ma'adinai, ga ɗaliban jami'a da ke fita aikin bincike.

Tsadar rayuwa ma ta taimaka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na otal suka tashi, sai mutum ya ga gara ya sayi abin da zai kwana a ciki sau da yawa da ya biya kuɗin ɗaki na dare biyu. Sai dai tsadar ba ta bar tantin ba shi ma. Kusan duk wanda ke kasuwa daga waje ake shigo da shi, akasari daga Sin, kuma dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Don haka mai saye yana neman abu biyu da ba su cika haɗuwa ba: faɗi da sauƙin kuɗi.

Lissafin da ke jikin jaka

Lambar nan ta "mutum huɗu" ko "mutum shida" ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma ba lissafin mai son barci ba ne. Kamfanoni kan ware wa kowane mutum faɗin santimita 50 zuwa 60, wato daidai siririyar shimfiɗar da masu hawan dutse a Turai ke kwanciya a kai, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba a sa jaka a lissafin ba, ba a sa takalmi ba, balle buta da kwanon abinci.

Mu kuwa da ƙafa muke auna katifa, to mu yi lissafin da ita. Tantin da ake kira na mutum huɗu yawanci bai wuce ƙafa 7 a ƙafa 8 ba. Katifar 'yan makarantar kwana faɗinta ƙafa biyu da rabi ne. Idan ka jera uku ka cinye ƙafa bakwai da rabi, saura rabin ƙafa, ita ma bangon da ya karkato ciki ya cinye ta. Wanda ya zo da katifar hurawa mai kauri ya ƙara wa kansa matsala, domin tana ɗaga shi sama zuwa inda bangon ya fi tsukewa, sai goshinsa ya riƙa taɓa yadi.

Domin a ga girman tazarar: ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi wajen tsugunar da 'yan gudun hijira ita ce a ba kowane mutum aƙalla murabba'in mita uku da rabi. Tantin yawon buɗe ido bai cika ba mutum abin da ya wuce murabba'in mita ɗaya da 'yan kai ba. Gaskiya ne wancan wurin zama ne, wannan kuwa na kwana ɗaya ko biyu, amma dai mai saye ya san abin da ake sayar masa.

Abin da waɗanda suka daɗe a harkar ke yi shi ne su rage biyu daga lambar. Na mutum huɗu na mutum biyu ne da kayansu, na mutum shida na mutum huɗu ne. Wanda ya fi wannan ma shi ne ka manta da lambar gaba ɗaya, ka nemi zanen da ke jikin jakar mai nuna tsawo da faɗi, ka zana shi da alli ko gawayi a tsakar gida, ku kwanta a ciki ku gani. Dogon mutum ya tabbata tsawon ya kai santimita 210.

Tsayi, labule da salla

Faɗin ƙasa rabin labari ne. Tantin da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai siffar ƙoƙo a kife, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa. Yana da saurin kafawa, yana jure iska, kuma shi ya fi araha. Amma tsakiyarsa kaɗai ke da ɗan tsayi, da ƙyar ya kai mita ɗaya da rabi, sai a zaune ko a durƙushe.

Akwai mai miƙaƙƙen bango kamar ɗaki, wanda tsayinsa kan kai mita biyu. Wannan shi ne na iyali. Mutum zai miƙe ya sa riga, zai yi salla a tsaye idan ana ruwa ko ƙura a waje, dattijo mai ciwon gwiwa ba sai ya yi rarrafe ba. Masu kamfanoni ba su yi tunanin salla ba sa'ad da suke zanawa, amma ga mai saye a nan tambaya ce ta gaske, musamman ga mata da ba za su so shimfiɗa darduma a tsakiyar taron maza ba. Wasu irinsa suna zuwa da labulen da ke raba ciki gida biyu, wasu da 'yar rumfa a bakin ƙofa inda takalma da kayan girki za su kwana.

Aibinsa nauyi da kama iska. Babba yakan kai kilo 15 zuwa 20, sai da mota. Wanda zai hau dutse da kayansa a baya ba zai so abin da ya wuce kilo 3 ba. Shi ya sa magidanta da yawa suka gano cewa matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya: mata da yara nasu, maza nasu, kuma idan ɗaya ya lalace ba kowa ne zai kwana a fili ba. Sau da yawa ma kuɗin biyun bai kai na ƙaton ba.

Sai kuma mai buɗe kansa da zarar an cire shi daga jaka, irin wanda kamfanin Decathlon na Faransa ya yi suna da shi tun 2005 a ƙarƙashin sunan Quechua, yanzu kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwa. Alhazai kan sayo ƙanana daga Makka a matsayin tsaraba. Yana da daɗi ga mai gaggawa, amma naɗe shi sai an koya, kuma idan wayar da ke cikinsa ta karye da wuya a gyara.

An ɗinka shi don wata ƙasa

A nan ne, a ganina, masu saye suka fi yin asara. Yawancin tantunan an tsara su ne don ƙasashen da damuwarsu sanyi da yayyafi. Tamu damuwar zafi ce, da ƙura, da sauro, da guguwar farkon damina.

Tantin leda mai ƙaramar taga ɗaya, idan ranar Afrilu ta same shi a Sakkwato ko Maraɗi, kafin ƙarfe tara na safe ya zama tanderun gurasa. Abin nema shi ne mai riɓi biyu: na ciki raga ce mai yawa, na waje rufi ne da ake iya yayewa. A daren bazara sai a cire rufin a kwana a cikin raga kaɗai, iska na ratsawa, sauro na waje. Ƙofa biyu masu fuskantar juna sun fi ɗaya. Launi mai haske ya fi mai duhu, in ban da irin yadin da aka yi wa rufi na musamman mai mayar da hasken rana.

Riɓi biyun nan shi ne kuma maganin ruwan da ke ɗigowa da asuba ba tare da hadari ba. Numfashin masu barci ne da guminsu ke tashi, su tarar da yadi mai sanyi, su koma ruwa. A Jos da Mambila, inda sanyin dare a watan Disamba da Janairu kan sauka kusa da digiri 10 ko ƙasa da haka, mutane kan toshe kowace kafa don gudun sanyi, sai su wayi gari bargo ya jiƙe. Bargo ne ke maganin sanyi, ko jakar barci, da abin da aka shimfiɗa tsakanin jiki da ƙasa. Kafar iska ta sama kuwa a bar ta a buɗe.

Amma raga ma tana da nata aibin. Iskar hunturu na shigo da ƙura ta cikinta, don haka a arewa mai nisa ana son tagogin da ke da murfin yadi mai zif, da rufin da ya sauko har kusa da ƙasa.

Abzinawa sun warware wannan lissafi tun da daɗewa. Tantinsu na fatun awaki ko na tabarmin kaba yana numfashi, ana ɗage gefensa da rana, a sauke da dare, kuma a al'adarsu mallakar mace ne, da shi take zuwa gidan aure. Wanda ya fi kusa da shi a cikin na zamani shi ne tantin yadin auduga mai kauri, irin na sojoji. Ya fi na leda sanyi nesa ba kusa ba, ya fi shi jure rana, amma yana da nauyi da tsada, kuma idan aka naɗe shi da danshi fumfuna za ta cinye shi.

Damina da lambar da ba a karantawa

Akwai wata lamba a jikin jakar da ta fi ta yawan mutane muhimmanci, ga shi ba a cika duba ta ba. Za ka ga an rubuta 1,500mm ko 3,000mm. Gwaji ne: ana tsayar da bututu a kan yadin, a yi ta zuba ruwa har ya fara ratsawa, sai a rubuta tsayin da ruwan ya kai. Abin da ya gaza 1,500 na yayyafi ne kawai. Ruwan Agusta yana son 2,000 zuwa 3,000 a rufi, shimfiɗar ƙasa kuma ta fi haka, domin ita ce gwiwa da gwiwar hannu ke dannawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tantin da ba a rubuta masa komai ba, a ɗauka na rani ne.

Yadi mai kyau ma ta layin ɗinki yake yoyo. Juya rufin ka duba: ya kamata ka ga siririyar leda an manne ta a kan kowane ɗinki. Shimfiɗar ƙasa kuma ta ɗago ta hau bango kamar taƙi ɗaya, kada ɗinkinta ya kwanta a ƙasa inda ruwa ke gudu.

Sanda da zif

Idan tanti mai araha zai mutu, ta ɗayan biyun nan yake mutuwa. Sandunan masu sauƙin kuɗi na zaren gilashi ne, baƙaƙe masu lanƙwasa. Suna aiki, amma idan iska ta matsa musu sai su tsage a tsaye, tsagin ya huda yadi ko ya shiga hannu. Na goran ruwa sun fi sauƙin ɗauka, kuma lanƙwashewa suke yi maimakon karyewa, sai dai suna ƙara kuɗi sosai. Na ƙarfe na manyan tantuna ne. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya zama da na gilashin, in dai masu kauri ne, ya kuma riƙe ɗan guntun bututu da salatif don ɗori.

Zif kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ke da kunama da maciji. Yankin Kaltungo a jihar Gwambe, inda kububuwa ta yi yawa har aka kafa asibiti na musamman don masu saran maciji, ya isa misali. Tantin da zif ɗinsa ya ɓare ya daina zama kariya. A kasuwa ka ja shi sama da ƙasa sau da yawa, ka zaɓi mai manyan haƙora. Yashi ne ke kashe shi, tsohon buroshin haƙori da ɗan kyandir da za a goga masa suna ƙara masa kwana.

Turakun da ke zuwa da tanti mai araha siraran wayoyi ne, bugu ɗaya a busasshiyar ƙasa sun lanƙwashe. Maƙeri ko mai walda zai yanka maka na rodi da kuɗi kaɗan. A cikin rairayi kuwa turke ba ya kamawa, sai a ɗaura igiyar a jikin itace ko buhun yashi a binne.

Sabo, gwanjo ko na tela

Ra'ayi ya rabu a nan. 'Yan kasuwa na ganin mai saye ne ke jawo wa kansa: yana tambayar mafi araha, a ba shi, ya dawo yana faɗa. A wajensu araha ba ta ado. Masu shirya tafiye-tafiye kuma na ganin babu dalilin da zai sa mai fita sau ɗaya a shekara, a cikin rani, ya zuba kuɗi a tantin da aka yi don ƙanƙarar dutsen Turai. Duk su biyun suna da gaskiya, ya danganta da watan da za a fita.

Gwanjo hanya ce mai kyau ga wanda ya iya dubawa. A dilolin kayan Turai da ake kwancewa a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Katako a Jos akan ci karo da tantunan kamfanoni masu suna irin su Coleman, a farashin da bai kai na sabon kwaikwayo ba. Sharaɗin shi ne a kafa shi a gabanka kafin ka biya. Ƙirga sanduna. Ɗaga rufin ka kalli rana ta cikinsa. Shafa cikin yadin: idan yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar garin sabulu, ko yana wari, maganin hana ruwan ya mutu, kuma ba ya dawowa.

Sayayya ta intanet ita ta fi yawan kuka, domin hoto ba ya nuna girma. Akan ga hoton iyali guda suna zaune a ciki, kaya su iso a ga na wasan yara ne. A nemi awo a rubuce, a kuma tambayi nauyinsa, domin tantin mutum shida da bai kai kilo 3 ba ya riga ya faɗi irin yadinsa.

Akwai kuma masu ɗinkin tamfol da rumfunan biki a kusan kowane babban gari. Ba za su yi maka mara nauyi na goyo ba, amma ga mai mota, ko mai gona da zai bar shi a kafe wata da watanni, nasu ya fi ƙarko. Tantin leda na kanti ba ya jure zama a rana: hasken rana na cin yadin a hankali har ya riƙa yagewa da ɗan ja. Haɗin da ya fi kowanne araha a lokacin rani ma shi ne gidan sauro mai shimfiɗa da zif, a ɗaura tamfol a samansa don raɓa da inuwa.

Wani abu da kan ɓullo a kasuwa shi ne tanti mai tambarin hukumar agaji. Yana da faɗi, yana da ƙarfi, amma mai saye ya tambayi kansa daga hannun wa aka karɓe shi.

Wuta da hayaƙi

Yadin tanti na kamawa da wuta cikin ƙiftawar ido, yana narkewa yana ɗiga a jiki. Gobarar Mina ta 1997, wadda ta kashe alhazai sama da 300, ita ta sa Saudiyya ta sauya tantunan wurin da na zaren gilashi da ba ya cin wuta. Na kasuwa ba irinsu ba ne. Kyandir, risho, maganin sauro na kunnawa, duk a waje.

Wanda ya fi wuta kisa a ɓoye shi ne gawayi. A daren sanyi akan ga kamar dabara ce a shigo da kaskon wuta ciki a ja zif. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, irin ta janareta ce da ke hallaka iyali guda a ɗaki, kuma mai barci ba ya farkawa balle ya gudu. Garwashin da ya yi kamar ya mutu ma yana fitar da ita.

Inda za a kafa

Tsaro ne ke yanke hukuncin farko. Dazuzzuka irin su Kamuku a Birnin Gwari sun daɗe da fita daga lissafin masu yawon buɗe ido, kuma halin da hanya ke ciki na sauyawa daga wata zuwa wata. A gandun gwamnati ana bin ma'aikatan daji ne, su nuna inda aka yarda a kwana, musamman a wuri irin Yankari da ke da giwaye da gwaggon biri masu yage jaka don neman abinci. A kusa da ƙauye kuwa, a fara da gaishe da mai gari ko mai unguwa, a faɗi ko su wane ne da kwana nawa za a yi. Baƙin da aka wayi gari aka gan su a bayan gari ba sallama, a wannan zamani, suna iya jawo wa kansu abin da ba su zata ba.

Bayan haka sai ƙasa. Kada yashin busasshiyar ƙorama ya ruɗe ka da laushinsa, domin ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya isowa da tsakar dare. A share ƙaya da ƙarangiya, a shimfiɗa tamfol ko buhunan da aka farke a ƙarƙashi, a naɗe gefensu ciki don kada su tara ruwa. Hadarin damina daga gabas ya saba tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, don haka ƙofa ta kalli yamma ko kudu, kuma a ɗaure dukan igiyoyi tun sama na garau.

Idan an dawo gida a kakkaɓe shi, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, a ajiye inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Ba a sa shi a injin wanki, ba a wanke shi da omo, domin yana cire maganin da ke hana ruwa shiga. Ruwa da soso sun wadatar.